Ibnul Haisam: Malamin Da Kogin Nilu Ya Gagara, Amma Ya Gano Yadda Ido Ke Gani

 

Abin da ya jawo mutumin da za mu yi magana a kansa yau wani ɗan ƙarfe ne da na ci karo da shi a kasuwar Sinnar, a shimfiɗar wani mai sayar da tarkace, tsakanin tsofaffin kwaɗuna da cajar waya da murafun tukwane. Baƙi ne, bai wuce girman kofin shayi ba, amma da nauyi, akwai gilashi gaba da baya, an kuma zana lambobi kewaye da shi. Idon kyamara ne irin na da, wanda sai mai hoto ya murɗa shi da hannu kafin fuskar mutum ta fito sarai. Mai kayan ya ce daga gidan wani tsohon mai hoto da ya rasu aka fito da shi, magada suka haɗa da sauran ƙarafa suka sayar a kan kilo, kuma yara ne ke sayen irinsa don su riƙa ƙona takarda a rana. Na biya abin da bai kai kuɗin kwanon ful biyu ba, na jefa a aljihu.

Larabawan nan adasa suke kiran wannan gilashi, daga adas ɗin nan da muke dafawa, saboda ƙirarsu ɗaya ce: tsakiya da kauri, gefe siriri. Sunan da Turawa ke kiransa da shi ma daga sunan adas ya fito a harshen Latin. To da na koma gida ina jujjuya shi a hannu, sai na tuna cewa mutumin da ya fara warware yadda haske ke tafiya har ya shiga ido, ruwan wannan kogi namu ne ya kusa sa a fille masa kai. Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965, wato daidai da 354 bayan Hijira. Basra a lokacin gari ne na fatake da jiragen ruwa, kaya na shigowa daga Indiya da Sin da gabar Afirka, ga dabino, ga hanyoyin ruwa da aka haƙa sun ratsa garin ta ko'ina. Saboda haka yaron da ya tashi a can ya san ruwa tun yana ƙarami, kamar dai yadda ɗan Jazira ya san tur'a. A zamanin an riga an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, takarda kuma ta wadata, don haka ya samu ya karanta lissafin Uƙlidis, da ilimin taurari na Batlimus, da falsafar Aristotal, da likitancin Jalinus. Masu tarihi sun ce ya riƙe muƙamin gwamnati a Basra, amma zuciyarsa ba ta wajen, tana wajen littafi.

Sunansa ya yi nisa a fannin lissafi da auna ƙasa, har wata magana tasa ta ƙetara zuwa Masar. Kamar yadda masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya kawo labarin, Ibnul Haisam ya taɓa cewa da a Masar yake, da ya yi wa Nilu wani aiki da za a riƙa amfana da shi ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin ya ji an ce kogin yana gangarowa ne daga wani wuri mai tudu a ƙarshen ƙasar.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin wannan magana. Masar ba ta da damina irin tamu, a wancan zamani cinta da shanta duk a kan cikar Nilu suke. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai wata rijiya mai ginshiƙi a tsakiya da aka gina a 861, ana kiranta Miƙyas, da ita ake auna tashin ruwa kowace shekara a da. In ya kai zira'i 16, to shekara ta yi kyau, manomi ya shuka, sarki ya karɓi haraji. In ya gaza sosai, sai yunwa da tsadar hatsi. In kuma ya wuce kima, ya cinye gidaje da gonaki. Kuma mafi yawan wannan ruwa na cika, Bahar Azrak ne ke kawo shi, wato Shuɗin Nilu, wanda ke tasowa daga tafkin Tana a Habasha, ya biyo ta Rusairis da Sinja da Mai Wurno da Sinnar da Madani, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Jan ruwan nan mai laka da muke gani a watan Agusta yana tumbatsa a bayan gidajenmu, shi ne mutumin Basra ya ce zai sa wa linzami, alhali bai taɓa ganinsa da ido ba.

Wanda ke mulkin Masar a lokacin shi ne halifan Faɗimiyya, Alhakim bi Amrillah, wanda ya hau gado a 996 yana ɗan shekara 11. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ta wani ɓangaren yana son ilimi, domin shi ya buɗe Darul Ilmi a Alƙahira a 1005, inda kowa ke iya shiga ya karanta. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, takobinsa ba ya daɗewa a kube. Barjawan, wanda ya riƙe masa mulki yana yaro, shi ya sa aka kashe shi a shekara ta 1000, kuma manyan ma'aikata da yawa sun bi bayansa. Ya kan kafa dokokin da ke ba mutane mamaki, har miyar lalo, wadda ake kira mulukhiyya, sai da ya hana ci. To irin wannan sarki ne maganar ta kai wa kunne. Nan take ya aika wa Ibnul Haisam kuɗi a ɓoye, ya nemi ya zo. Da ya iso, halifa da kansa ya fita ya tarbe shi a wani ƙauye a bakin Alƙahira da ake kira Alkhandaƙ, aka sauke shi da girmamawa.

Bayan ya huta, aka haɗa shi da magina da masu sana'a, suka kama hanyar kudu suna bin kogi. A wannan tafiya ce jikinsa ya fara sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen da, ginshiƙai da gumaka da duwatsun da aka sassaƙa aka ɗora bisa juna, aikin da ko shi mai lissafi sai da ya jinjina. Sai ya yi wa kansa hisabi: in mutanen da suka iya wannan sun zauna shekaru dubbai a bakin kogin nan ba su tare shi ba, to akwai dalili. Da suka isa wurin da ake kira Aljanadil, kudu da Asuwan, inda ruwa ke ratsa duwatsu da ƙarfi, ya duba gaɓa biyun, ya auna, ya tabbatar abin da ya zana a ransa a Basra ba zai yiwu ba.

A nan ne ni dai nake ganin girman mutumin, fiye ma da wasu littattafan nasa. Kuɗi na hannunsa, ma'aikata na tare da shi, sarki yana tafiyar makonni daga wurin. Da ɗan kwangilar zamaninmu ne, da ya sa an tara duwatsu, an haƙa rami, ya aika a ƙaro kuɗi, ya ci shekara biyar yana cewa aiki ya kusa. Duk wanda ya taɓa jiran a gyara masa tur'a ko a kammala rumfunan kasuwa ya san irin wannan. Shi kuwa sai ya juyo, ya tsaya gaban sarkin da ke kashe mutum kan abin da bai kai wannan ba, ya ce abin ya gagare shi. Kuma lissafinsa daidai ne, domin sai bayan kusan shekara 900 aka iya. An kammala ƙaramar madatsar Asuwan a 1902, tamu ta Sinnar a 1925, wadda ita ta haifar da noman Jazira da ya tara kakanninmu da yawa a waɗannan ƙauyuka, ta Rusairis a 1966, babbar ta Asuwan a 1970, sannan ta Habasha da aka buɗe a 2025. Duk da injuna da siminti, mutanen Wadi Halfa sai da suka bar garinsu ruwa ya cinye, aka kwashe su zuwa Khashmul Girba a 1964.

Alhakim ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya naɗa shi a wani ofishin gwamnati. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, ba don so ba, yana kuma sane da cewa wanda ya kunyata irin wannan sarki, ransa a tafin hannu yake. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga mafita ba, sai ya ɗauki haukan ƙarya. Da labari ya kai fada, aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gidansa, aka sa mai yi masa hidima. Haka ya zauna shekara da shekaru, malamin da babu kamarsa a lissafi, yara na nuna gidansa a matsayin gidan mahaukaci. Sai a watan Fabrairun 1021, Alhakim ya hau jakinsa da dare ya nufi dutsen Muƙaɗɗam kamar yadda ya saba, bai sake dawowa ba. Da aka tabbatar ya tafi ke nan, sai hankalin mahaukaci ya dawo, aka mayar masa da dukiyarsa.

Wani masanin tarihin kuma, Albaihaƙi, ya kawo labarin ta wata fuska. Shi cewa ya yi halifa ya zo masaukin baƙin a kan jaki, Ibnul Haisam da yake gajere ne ya hau kan dakali ya miƙa masa takardar aikin, halifa ya duba ya ce kuɗin da za a kashe ya fi amfanin yawa, shi kuwa malamin ya tsorata ya gudu Sham cikin dare. Ko wanne aka ɗauka, Nilu dai bai taru ba, kuma a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa.

Bayan fitowarsa bai sake neman ƙofar fada ba. Ya kama wani ɗan ɗaki mai ƙubba a bakin masallacin Azhar, ya mayar da rubutun hannu sana'a. A nan akwai abin da zai burge 'yan kasuwa. Kowace shekara yakan kwafi littattafan lissafi guda 3, cikinsu har da na Uƙlidis da babban littafin taurari na Batlimus. In ya gama, sai mai saye ya zo ya ajiye dinari 150 ya ɗauka, ba tayi, ba albarka, domin farashin ya zama sananne kamar na gwamnati. Da wannan yake ci har shekara ta kewayo, sauran lokacinsa kuwa na bincike ne. Albaihaƙi ya kuma ba da labarin wani basarake da ya zo neman ilimi wajensa, malam ya yanka masa dinari 100 kowane wata. Ɗalibi ya yi ta biya bai taɓa ƙorafi ba. Ranar sallama sai malam ya fito da kuɗin gaba ɗaya ya mayar masa, ashe gwada shi yake ya ga ko ilimin ya fi kuɗin daraja a wurinsa.

Yanzu sai mu zo kan aikin da ya sa har gobe ake ambatonsa, wato Kitabul Manazir, littafin gani da haske, mai kashi 7. Waɗansu sun ce a shekarun tsarewar nan ya rubuta shi, waɗansu masu bincike kuma sun ce bayan fitowarsa ne.

Kafin shi, masana sun rabu. Su Uƙlidis da Batlimus, har da Alkindi na Bagadaza, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar yadda makaho ke lalube da sanda. Mabiya Aristotal kuma suka ce siffar abu ce ke zuwa ido, amma ba su iya nuna ta yaya ba. An shekara sama da 1,000 ana wannan ja-in-ja da baki. Ibnul Haisam sai ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana, idonsa zai yi zafi, kuma abu ba ya cutar da kai sai in shi ya zo maka. Wanda ya daɗe yana kallon farin bango cikin hantsi sannan ya shiga ɗaki, zai ci gaba da ganin tabon hasken na ɗan lokaci. Sannan wane irin abu ne zai fita daga ɗan ƙwayar ido ya cika rabin sama nan take, da zarar mutum ya ɗaga kai ya ga taurari? Ya tsayar da cewa kowane ɗigo na jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske ta kowane gefe, a miƙe, kuma abin da ya shiga ido daga ciki shi ne gani.

Bambancinsa da na gabansa shi ne bai tsaya ga hujjar baki ba. Kowace magana sai ya haɗa mata gwaji, abin da yake kira i'itibari, ya kuma bayyana kayan aikin dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa. Ya ɗauki bututu miƙaƙƙe ya leƙa, ya toshe bakinsa, ya nuna gani ba ya kwana. Ya jera fitilu a waje, ya huda ƙaramar kafa a jikin ɗaki mai duhu, sai ga ɗigon haske a bangon ciki daidai yawan fitilun, na dama ya koma hagu. In aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, wato hasken kowace ya bi ta kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Ya kuma rubuta wata maƙala a kan husufin rana, inda ya bayyana dalilin da ya sa hasken da ya bi ta ƙaramar kafa ke fitowa kamar jinjirin wata a juye. Duk wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗakin da ƙyaurensa ke da ɗan rami, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, to ya ga wannan ɗaki mai duhu da idonsa. Kyamara ba wani abu ba ce illa wannan ɗakin da aka ƙanƙance.

Ya kuma yi dogon bayani a kan cewa ido karɓa kawai yake yi, hukunci a ƙwaƙwalwa ake yanke shi, shi ya sa ido ke ruɗuwa. Ya kawo yadda launi ke sauyawa gwargwadon hasken da ke kansa. Hajiyar da ke fitar da atamfa daga cikin shago zuwa rana kafin ta yi tayi, da mai shagon da ya sa fitila mai launi, dukkansu suna aiki da kashi na farko na littafin nan ba tare da sun karanta ba. Sauran kashin sun yi magana a kan madubi, mai shafi da mai ƙundu da mai rami, na ƙarshe kuma a kan yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi, irin yadda sanda ke zama kamar ta karye in ka tsoma ta a randa. A nan ya ambaci yadda ɓangaren ƙwallon gilashi ke ƙara wa abu girma. A wata maƙalar daban ya bi hasken rana cikin ƙwallon gilashi da lissafi, ya ga ba ya taruwa a ɗigo ɗaya tak, na gefe da na tsakiya kowa da inda yake haɗuwa. Wannan aibi shi ne dalilin da ya sa ake jera gilasai da dama a cikin idon kyamara ɗaya, wani na gyara kuskuren wani.

Sai dai a faɗi gaskiya. Na sha jin ana cewa, har a gidajen rediyo irin namu, wai shi ya ƙera kyamara. Bai ƙera ba, bai kuma taɓa ɗaukar hoto ba. Ɗaki mai duhu ma, mutanen Sin sun lura da shi tun kafin haihuwar Annabi Isa. A kan karyewar haske cikin gilashi kuwa, wani malamin Bagadaza, Ibnu Sahal, ya riga shi rubutu wajen 984. Kuma ya yi kuskure a wuri guda babba: ya ɗauka ɗan gilashin nan na cikin ido shi ne ke jin hoto, kuma hasken da ya faɗa masa a tsaye kaɗai ke aiki. Ba na jin zai ji haushin a faɗi haka, domin shi kansa ya rubuta littafi guda yana fito da kurakuran Batlimus, malamin da ake ganin ba a ja da shi. Ya rubuta littattafai da maƙalu kusan 100, kimanin rabinsu sun iso zamaninmu. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040, yana da shekara 75 ko kusa da haka. Allah Ya jiƙansa.

Abin mamaki, littafin ya daɗe bai sami mai ɗauka ba a ƙasashen Musulmi, sai wajen 1300 da Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi, har ya yi amfani da ƙwallon gilashi cike da ruwa ya bayyana yadda bakan gizo ke fitowa. A Turai kuwa an fassara shi zuwa Latin wajen 1200, suka laƙaba masa suna Alhazen. Roger Bacon na Ingila da Witelo sun sha daga gare shi. Tabarau ya bayyana a Italiya wajen 1286. A 1572 aka buga littafin da injin ɗab'i a Basel, kuma a 1604 Johannes Kepler na Jamus ya gyara kuskuren nan, ya nuna cewa gilashin ido tattara haske yake yi ya jefa hoton a juye a bangon baya na ido. To wannan tattarawar ita ce mai hoto ke nema sa'ad da yake murɗa idon kyamara: gilashin yake matsarwa gaba ko baya har hasken kowane ɗigo na fuskarka ya taru wuri ɗaya a kan fim.

Daga nan abin ya yi sauri. Daguerre ya bayyana ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Shekara ɗaya bayan haka Joseph Petzval ya lissafa idon kyamara na ɗaukar fuska a Biyana. Carl Zeiss ya buɗe shagonsa a Jena a 1846, kamfanin ya fito da Tessar a 1902 da Biotar a 1927. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Rashawa suka kwashe injunan Jena, kuma daga 1958 suka riƙa ƙera nasu a kan tsarin Biotar, suka sa masa Helios-44, suka ɗaura a kyamarar Zenit. Shi ne na tsinta a Sinnar. Da idanu irin waɗannan na murɗawa aka ɗauki hotunan fasfo na iyayenmu masu zuwa Hajji, da su kuma su Rashid Mahdi na Atbara da Gadalla Gubara suka yi aikinsu, su biyun sun rasu a 2008. Kyamara mai saita kanta ta shigo kasuwa a 1977, da Minolta ta fito da tata a 1985 kuwa sai tsofaffin suka fara komawa cikin akwati.

Ga inda maganar ta shafi aljihunku. Tun daga 2008 aka fara fito da kyamarorin zamani marasa madubi a ciki, waɗanda da ɗan zobe mai araha ake ɗaura musu tsohon ido. Saboda haka matasa masu ɗaukar bidiyon biki da masu tara kayan da suka dawo neman su, a Kano da Alƙahira da Turai. Kada dai wani ya ɗauka ya tsinci zinariya: Helios an ƙera miliyoyinsa, kuɗinsa ba shi da yawa, ko da yake ya fi na kilo nesa ba kusa ba. Amma in ka ga an rubuta Carl Zeiss ko Leitz ko Nikkor ko Takumar a bakin zoben, dakata ka tambaya kafin ka saki. Haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, zafi da laima ke kawo ta, kuma tana cin gilashi. Murɗa zoben saiti ka ji ko yana tafiya sumul, ka duba ganyayen ƙarfen nan na ciki masu buɗewa da tsukewa ko mai ya jiƙe su. Kada a goge gilashin da bakin riga, ƙurar ƙasarmu yashi ce, tana karce shi. Wani Takumar ɗin za ka ga gilashinsa ya yi rawaya, wannan ba lalacewa ba ce, sinadarin da aka haɗa shi da shi ne, in ya sha rana kwana da kwanaki yakan washe.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba gidaje da yawa na Jazira da Sinnar da akwatunansu, kuma hotunan iyaye na cikin abin da ba a saye a kasuwa. Don haka in kayan tsohon mai hoto suka faɗo hannunka, ka duba ko akwai baƙaƙen fina-finan nan da ake wanke hoto da su. Kada ka zubar, ka nemi mutanen garin, wataƙila fuskar uban wani ce kaɗai ta rage a ciki.

Iraƙi ta sa hoton Ibnul Haisam a takardar dinari 10,000 da ta fitar a 2003, akwai wani rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa, kuma a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da cikar littafinsa shekara 1,000 a cikin bikin shekarar haske. Nawa idon kyamarar kuwa, na haska shi da tocila na tarar fumfuna ta ɗan kama gefe, amma tsakiya garau. Ranar Juma'ar da ta wuce na rufe tagar ɗaki, na riƙe shi a bakin kafar ƙyaure, na sa 'yata ta riƙe farar takarda tana ja da baya sannu a hankali, har bishiyar darbejiyar ƙofar gida ta fito a kai, saiwa sama, ganye ƙasa, da akuyar maƙwabta tana wucewa a kife.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.